DUWATSUN KARFATIYA: GANUWA MAI ƘOFOFI DA YAWA A GABASHIN TURAI

Duk wanda ya buɗe taswirar nahiyar Turai ya dubi ɓangarenta na gabas, zai ga wani dogon jerin duwatsu ya lanƙwashe kamar lauje, ya rungume wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a cikinsa. Waɗannan su ne duwatsun Karfatiya. Tsawonsu ya kai kimanin kilomita 1,500, watau su ne na uku a tsawo cikin jerin duwatsun Turai, bayan na Ural da ke ƙasar Rasha da kuma na Sikandinabiya da ke can arewa.

A bisa takarda sai mutum ya ɗauka ganuwa ce wadda ta raba gabas da yamma, ba mai iya ƙetare ta. Amma tarihin wannan yanki ya nuna ba haka abin yake ba. Ganuwa ce mai ƙofofi da yawa, kuma kusan duk wani babban al'amari da ya taɓa samun mutanen wurin, ko yaƙi ne, ko ciniki, ko gudun hijira, ta waɗannan ƙofofi ya shigo. Saboda haka wanda yake son ya fahimci labarin ƙasashen gabashin Turai, sai ya fara sanin yadda duwatsun nan suke kwance.

INDA SUKA FARA DA INDA SUKA ƘARE

Abin mamaki, a bakin kogi ɗaya suka fara, a bakinsa kuma suka ƙare. Kogin shi ne Danub. Daga yamma sun tashi ne a kusa da birnin Biratislaba, hedkwatar ƙasar Sulobakiya, inda kogin ya raba su da ƙarshen duwatsun Alps. Daga nan suka miƙe arewa maso gabas ta kan iyakar Jamhuriyar Cek, suka bi tsakanin Sulobakiya da Folan, suka ratsa kusurwar yammacin Yukren, sa'an nan suka karkato kudu suka shiga Romaniya. A tsakiyar Romaniya sai suka yi wata irin kwana mai kaifi suka fuskanci yamma, har suka sake cin karo da Danub a wani matsatsin kwari da ake kira Ƙofar Ƙarfe. Wani ɗan reshe nasu ya tsallaka kogin ya shiga ƙasar Sabiya, wasu tuddai kuma sun gangara cikin arewacin Hangari.

Ƙasashe bakwai ke nan: Cek, da Sulobakiya, da Folan, da Hangari, da Yukren, da Romaniya, da Sabiya. Amma rabon bai zo daidai ba. Kimanin rabin duwatsun gaba ɗaya a cikin Romaniya suke. Ita kuwa Sulobakiya, ko da yake kasonta bai kai wannan ba, yawancin ƙasarta a kan duwatsun nan take zaune.

Masana labarin ƙasa sun kasa su kashi uku. Kashin yamma shi ne ya fi faɗi, kuma a cikinsa ne ake samun tsaunukan Tatra, waɗanda suka fi ko'ina tsayi. Ƙololuwar Gerlach ta Sulobakiya, mai tsayin mita 2,655, ita ce ta ɗara duk sauran, a kusa da ita kuma akwai Rysy wadda ta fi kowane wuri tsayi a ƙasar Folan, mai mita 2,499. Kashin gabas ya kama daga iyakar Folan da Sulobakiya, ya bi ta Yukren zuwa tsakiyar Romaniya. A ɓangarensa na Yukren ƙololuwar Hoverla ce babba, mita 2,061. Kashin kudu kuwa duk da ɗan gajartarsa ya fi kama da katanga, domin tsaunukansa a jere suke kafaɗa da kafaɗa, babbansu kuma shi ne Moldoveanu mai mita 2,544. A bayan wannan lanƙwasa ta Romaniya ne ƙasar Tiransilbaniya take, tudu ne mai faɗi wanda duwatsu suka kewaye kamar tasa, domin ta yamma ma tsaunukan Apuseni sun tare shi.

Idan aka gwada su da Alps, inda babban tsauni ya kai kimanin mita 4,800, to, Karfatiya gajeru ne. Dusar ƙanƙara tana rufe su da hunturu, amma idan zafi ya shigo kusan dukkanta takan narke. Wannan gajarta tasu ita ce mabuɗin labarinsu, domin dutsen da bai cika tsayi ba mutane suna iya zama a jikinsa, dabbobi suna iya kiwo a kansa, mayaƙa kuma suna iya ratsa shi.

YADDA SUKA SAMU

Bisa ga binciken masana kimiyyar ƙasa, ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, faifai ne manya-manya masu motsi a hankali. Faifan da ke ɗauke da Afirka ya daɗe yana matsawa arewa yana tunkuɗar na Turai, har wani tsohon teku da ke tsakaninsu ya matse, laka da yashin da suka kwanta a ƙarƙashinsa suka tattare suka tashi sama. Wannan matsi shi ne ya haifi Alps, shi ne kuma ya haifi Karfatiya.

Don haka ne duwatsun suka kasance ɗamara uku, wata cikin wata. Ta waje dutsen yashi ne da na laka, mai taushi, wanda ruwan sama ke ci da sauri; shi ya sa tuddan wajen suke da kawuna masu santsi, kuma zaizayewar ƙasa ta yawaita a can. Ta tsakiya dutse ne mai tauri ƙwarai, irin wanda ya ba tsaunukan Tatra tsininsu. Ta ciki kuwa tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta waɗanda suka daɗe da yin shiru. A bakin ɗaya daga cikinsu, a gabashin Tiransilbaniya, ruwa ya taru ya zama tafkin da ake kira Santa Ana, maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kuma suna nan birjik a kewayen.

Har yanzu ƙasar ba ta gama natsuwa ba. A daidai inda duwatsun suka yi kwana a Romaniya, a gundumar Vrancea, akwai wani ɓangaren dutse da ke nitsewa can ƙarƙashin ƙasa, shi ne ke jawo girgizar ƙasa jefi-jefi. An yi babba a watan Nuwamba na 1940. An sake yin wata ran 4 ga Maris, 1977, wadda ta hallaka mutane fiye da 1,500, yawancinsu a birnin Bukares, duk da cewa birnin yana da nisan fiye da kilomita 100 daga inda abin ya taso.

UWAR KOGUNA

Iskar da ke tasowa daga yamma ɗauke da danshi, idan ta ci karo da duwatsun sai ta sauke ruwanta a kansu. Ta haka suka zama rumbun ruwa na wannan yanki duka. Kogin Vistula daga gefensu na arewa ya ɓuɓɓugo, ya ratsa biranen Krakow da Warso ya faɗa Tekun Baltik. Kogin Dniester ya taso daga ɓangaren Yukren, ya bi ta Moldoba zuwa Bahar Aswad. Kogin Tisza shi ma daga Yukren ya fito, amma sai ya juya ciki, ya shayar da filayen alkama da masara na Hangari kafin ya haɗu da Danub a Sabiya. Haka nan Prut, da Siret, da Mures, da Olt, da Vah, duk 'ya'yan duwatsun nan ne. Kogin Olt ma bai kewaye katangar kudu ba, tsaga ta ya yi ya wuce, ya bar wa mutane hanya a gefensa.

A Ƙofar Ƙarfe, inda Danub ya kutsa tsakanin duwatsu, a wani wurin faɗinsa bai wuce mita 150 ba, kuma a da duwatsun cikin ruwa sun sha farfasa jirage. A 1964 Romaniya da tsohuwar ƙasar Yugoslabiya suka haɗa hannu suka fara gina madatsar ruwa a wurin, aka buɗe ta a 1972. Ta ba su wutar lantarki, ta kuma sauƙaƙa wa jirage wucewa. Amma da ruwan ya taru sai ya haɗiye tsibirin Ada Kaleh, inda wata ƙaramar al'umma ta Turkawa Musulmi ta daɗe da zama da masallacinta da kasuwarta. Mutanen suka watse, wasu suka koma Turkiyya, wasu suka bazu cikin Romaniya.

ƘOFOFIN GANUWA

Tun zamanin Rumawa ake fafatawa a kan mashigan duwatsun nan. Mutanen Dasiya, waɗanda suka gina babban birninsu a cikin tsaunukan kudu, suna da zinariya mai yawa, sarkin Rum mai suna Trajan ya kai musu yaƙi sau biyu, ya cinye su a shekara ta 106. Rumawa ba su cika shekara 200 a wurin ba suka janye, amma sun bar harshensu. Shi ya sa harshen Romaniya a yau ɗan'uwan Italiyanci ne da Faransanci, alhali yawancin maƙwabtan ƙasar wasu harsuna dabam suke yi.

Wajen shekara ta 895 wasu makiyaya mahaya dawakai, watau Magyar, kakannin mutanen Hangari, suka taso daga filayen gabas suka tsallako duwatsun. Mashigin Verecke, wanda tsayinsa bai kai mita 900 ba, shi ne wanda tarihinsu ya fi ambata. Suka tarar da makiyaya mai yalwa a cikin laujen, suka zauna. Ta wannan mashigi ɗin dai rundunar Mangolawa ta Batu Khan ta ɓarko a 1241, ta ragargaza sojojin Hangari a wani wuri da ake kira Mohi. Da suka janye, Sarki Bela na Huɗu ya shiga gina ganuwoyi na dutse a kan tuddai, domin ya gane cewa duwatsu kaɗai ba su tsare ƙasa.

Turkawan Daular Usmaniyya kuwa ta kudu suka ɓullo. Bayan sun ci Hangari da yaƙi a Mohacs a 1526, filayen tsakiyar ƙasar suka koma hannunsu, amma Tiransilbaniya da ke cikin duwatsu ta ci gaba da zama da sarakunanta tana biyan haraji ga Santambul, har zuwa ƙarshen ƙarni na 17. A wannan zamani fatake sun yi ta safara ta mashigan kudu. Shaidar haka tana nan a birnin Brasov, inda wata tsohuwar majami'a take ajiye da dardumai fiye da 100 saƙar Turkiyya, waɗanda attajiran garin suka ba ta kyauta.

Yaƙe-yaƙen zamani su ne suka fi zubar da jini a mashigan. A hunturun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Rasha da na daular Ostiriya da Hangari sun yi wata uku suna gwabzawa cikin dusar ƙanƙara. Dubban ɗaruruwa suka mutu, ko suka ji rauni, ko aka kama su, kuma da yawansu sanyi da cuta ne suka gama da su kafin harsashi. A Yaƙin Duniya na Biyu, ran 8 ga Satumba, 1944, sojojin Tarayyar Sobiyet tare da na Cekoslobakiya suka tasam ma mashigin Dukla mai tsayin kimanin mita 500, suna zaton aikin 'yan kwanaki ne. Jamusawa suka tare su, ba su kai bakin mashigin ba sai ran 6 ga Oktoba, bayan an yi asarar dubban rayuka.

Ko bayan yaƙin tsoron mashigan bai gushe ba. Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye Cekoslobakiya a 1968, shugaban Romaniya na lokacin, Nicolae Ceausescu, ya sa sojojinsa suka fasa hanyar mota ta kan tsaunukan Fagaras, don a iya kai runduna daga kudu zuwa arewa da gaggawa. An yi aikin daga 1970 zuwa 1974, hanyar ta hau sama da mita 2,000, ma'aikata da dama kuma sun rasa rayukansu. Yanzu masu yawon buɗe ido ne suka fi bin ta, kuma fiye da rabin shekara a rufe take saboda ƙanƙara.

DUTSE NA NAN, IYAKA NA YAWO

Babu inda ya fi nuna halin wannan yanki kamar birnin Uzhhorod, wanda ke gindin duwatsun ta ɓangaren ciki. Mutumin da aka haifa a can a 1910, idan Allah Ya ja kwanansa zuwa 1992, ya zauna a ƙarƙashin ƙasashe biyar ba tare da ya bar unguwarsu ba. An haife shi a daular Ostiriya da Hangari. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama ɗan Cekoslobakiya. A 1938 garin ya koma Hangari. A 1945 ya shiga Tarayyar Sobiyet. A 1991 kuma ya wayi gari a Yukren.

Tiransilbaniya ma ta ga irin wannan. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta ɗauke ta daga Hangari ta ba Romaniya. A 1940 aka mayar wa Hangari arewacinta, bayan yaƙi aka sake mayar da shi ga Romaniya. Har yau akwai masu jin harshen Hangari kimanin miliyan ɗaya a Romaniya, da yawansu a kwarurukan gabashin Tiransilbaniya. Jamusawan da aka gayyato tun ƙarni na 12 don su tsare mashigai su kuma raya birane, yawancin zuriyarsu sun koma Jamus, musamman bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989.

Su kuwa mutanen kan dutse, irin su Goral na Tatra da Hutsul na Yukren, sana'arsu ɗaya ko da wace tuta ke kaɗawa a gari. Idan ƙanƙara ta narke sai su kora tumaki zuwa makiyayar da ke sama da iyakar daji, su yi watanni a bukkokin katako suna tatsa suna yin cuku, idan sanyi ya gabato su gangaro. Makiyayan Vlach ne suka yaɗa wannan irin kiwo tun ɗaruruwan shekaru, suka bi ƙirjin duwatsun daga Romaniya har ƙasar Cek.

A zamanin nan ma ƙofofin ba su daina aiki ba. Ta cikinsu aka shimfiɗa babban bututun gas daga Saiberiya zuwa yammacin Turai a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta aiki har ran 1 ga Janairu, 2025, da aka daina tura gas ɗin Rasha ta Yukren. Da Rasha ta afka wa Yukren ran 24 ga Fabrairu, 2022, miliyoyin mutane suka nufi iyakokin Folan, da Sulobakiya, da Hangari, da Romaniya, waɗansu ta gindin duwatsun, waɗansu ta mashigansu. A cikinsu har da ɗaliban Nijeriya da ke karatu a jami'o'in Yukren, waɗanda aka kwaso da jiragen sama daga Bukares, da Warso, da Budafes zuwa Abuja a watan Maris na 2022.

ARZIKIN DA KE CIKINSU

Allah Ya hore wa duwatsun nan ma'adinai. A Wieliczka, kusa da Krakow, an haƙi gishiri tun ƙarni na 13 har zuwa 1996. A Kremnica ta Sulobakiya, gidan buga kuɗin da aka kafa a 1328 saboda zinariyar wurin bai daina aiki ba. Man fetur ma a gindinsu aka fara sarrafa shi tun da wuri: a 1853 wani mai haɗa magunguna ɗan Folan, Ignacy Lukasiewicz, ya ƙera fitilar kananzir, a shekara mai bi kuma aka fara haƙar mai a Bobrka. A 1857 matatar mai ta fara aiki a Ploiesti ta Romaniya. Wannan mai shi ne ya shayar da motocin yaƙin Jamus a zamanin Hitila, shi ya sa jiragen Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai ran 1 ga Agusta, 1943.

Amma dukiyar da ta fi duk waɗannan daraja a yau ita ce daji. A ƙasashen yammacin Turai an daɗe da sare tsofaffin dazuzzuka, a Karfatiya kuwa akwai sauran wuraren da gatari bai taɓa shiga ba. A nan ne dabbar beyar, da kyarkeci, da wata irin babbar kyanwar daji suka fi yawa a Turai in an cire Rasha. Ɓaunar Turai, wadda ta taɓa ƙarewa a dawa, an sake sakinta a tsaunukan kudu daga 2014.

ABIN DA KE BARAZANA

Wannan daji yana cikin haɗari. Bayan 1989, da aka mayar da filaye da dazuzzuka hannun masu su, sai saran itace ba bisa ƙa'ida ba ya yawaita, musamman a Romaniya da Yukren. Abin ya kai ga kisa: a ƙarshen 2019 an kashe ma'aikatan gandun daji biyu a Romaniya suna bakin aiki, a watan Fabrairu na 2020 kuma hukumar Tarayyar Turai ta fara tuhumar ƙasar da sakaci. A Tatra kuwa, ran 19 ga Nuwamba, 2004, wata guguwa ta kwantar da itatuwan kimanin hekta 12,000 cikin 'yan sa'o'i, yawancinsu irin itace ɗaya ne da aka dasa a jere don katako, wanda bai da ƙarfin dajin asali.

Illar ba ta tsaya a kan dutse ba. Saiwoyin itatuwa su ne ke riƙe ƙasa su tsotse ruwan sama su sake shi sannu-sannu. Inda aka share gangare, ruwa yakan zubo gaba ɗaya ya kwashi ƙasa ya auka wa na kwari. Kuma kogi bai san iyaka ba. Ran 30 ga Janairu, 2000, madatsar wata ma'adinar zinariya ta fashe a Baia Mare ta arewacin Romaniya, ruwa mai guba ya kwarara cikin kogin Somes, ya shiga Tisza, ya kashe kifaye tuli a Hangari da Sabiya kafin ya kai Danub. Waɗanda suka sha wahalar ba su ne suka ci ribar zinariyar ba.

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ganin haka ne ƙasashen nan bakwai suka taru a birnin Kiyef a watan Mayu na 2003, suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare duwatsun Karfatiya da raya su tare. A 2007 kuma hukumar UNESCO ta sa waɗansu tsofaffin dazuzzukan Sulobakiya da Yukren cikin kayan tarihin duniya, daga baya aka ƙara da na Romaniya da na Folan. Sai dai sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi. Tsare daji da dare a kan dutse, inda babbar mota guda ta katako ta fi albashin mai gadi na watanni, shi ne aikin.

Shekara dubu biyu sarakuna suna jayayya a kan wanda zai riƙe mashigan Karfatiya, kowanne ya zo ya ja layinsa ya wuce, duwatsun suna nan inda suke. Tambayar da ke gaban jikokinsu ita ce ko za su iya haɗa kai su riƙe dajin da ke kansu, domin daga gare shi ne ruwan shan miliyoyin mutane yake gangarowa, daga bakin Tekun Baltik har zuwa Bahar Aswad.